Kwikwiyon Kilo 14 da rigimar da ya haddasa

Abu Sadik: Salamu alaikum jama'a. Ni dai yau sai na faɗa ko da za a ji haushi, wlh mutanenmu ba mu da tausayin dabba ko kaɗan. Kwanakin baya ina dawowa daga aiki da asuba na ji kuka bayan kwantenar shara nan unguwar Kilo 14 a Jidda, ashe ɗan kwikwiyo ne, mota ta take uwar a bakin titi, shi kuma yana ta zagaye wuri ɗaya yana buga kai da ƙarfe. Na kai shi saman rufin gidanmu na yi masa ɗaki da katako. Likitan dabbobi ya duba haƙoransa ya ce zai yi wata 2, ya saki auduga a gaban idonsa ko kallonta bai yi ba, ya ce yanar ido ce aka haife shi da ita duka biyun. To tun ranar ba ni da sakat, harisin gida, wato mai gadi, ya kai ƙarata wajen mai gida, maƙwabcina Bahaushe ɗan'uwana da ƙyar yake amsa min sallama, matarsa ta hana yara hawa sama. Marayan Allah kuma makaho, me ya ci muku?

Bakano: Hhhh ba makaho ba ne malam, duk kwikwiyo ido rufe ake haihuwarsa, sai bayan kwana 10 zuwa 14 yake buɗewa. Likita ya ci riyal ɗinka kawai.

Abu Sadik: Ka karanta da kyau mana, wata 2 na ce, idon a buɗe yake fari fat.

Malam na Hindawiyya: Wa alaikumus salam. Ƙanena kafin komai ka janye kalmar maraya. Maraya yaro ne ɗan Adam da mahaifinsa ya rasu bai balaga ba, shi ne Annabi (SAW) ya haɗa yatsu biyu ya ce shi da mai riƙonsa kamar haka suke a Aljanna. Ka ɗauki wannan darajar ka liƙa wa kare? A kiyayi harshe.

Ɗan Gadarif: Allah ya saka Malam. Ni abin ya sosa min rai wallahi. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 gidan yayata a Gadarif cike yake da yaran da suka gudo daga Khartum da Madani, wasu ba uwa ba uba, su ne marayu ya zol, ba karen bola ba.

Maman Hanan: Haba Malam, ai ko a gida in uwar akuya ta mutu cewa muke marayan ɗan akuya, a ba shi nono a kwalba, ba wanda ya taɓa cewa an yi saɓo. Kuma na ji a karatu cewa Larabawa ma a wajen dabba wanda ya rasa uwa shi ne yatimi, a mutum ne ake duba uba.

Malam na Hindawiyya: Hajiya a wane karatu? Wane malami?

Maman Hanan: A islamiyya mana, ko sai na kawo maka takardar shaida?

Bakano: Akuya ana cinta Hajiya, ana layya da ita. Kar a haɗa.

Maman Hanan: To mage fa ana cinta? Ga ta nan ta cika Jidda kowa na zuba mata ragowar shinkafa a ƙofar gida, kuma wata mata ta shiga wuta saboda ta ɗaure mage ba ci ba sha.

Ummu Rayyan: Yaya Abu Sadik bar su, ni magana ta a kan kwikwiyon ce don mun taɓa riƙe makauniyar mage. Kwanon ruwansa da na abinci ka bar su wuri ɗaya kullum kar ka matsar, da hanci da kunne yake haddace wuri, in ka canja masa ka rikita shi. Ka yi masa magana kafin ka taɓa shi, in ba haka ba zai firgita ya kai cizo. Bakin matakala ka tare da katako, duk wata kafa a jikin katangar rufin ka toshe. Kar ka ba shi madarar shanu tana sa su zawo, kar ka ba shi ragowar kabsa mai albasa ko zabibi, guba ce gare su. Allurar haukan kare kuma in ya kai wata 3. Sannan rufi da rana a garin nan ai kasko ne, simintin zai ƙona masa tafin ƙafa, sai da inuwa ta gaske.

Baba Karantina: Ikon Allah. Mu mun san kare ne ke yi wa makaho jagora, hukumar Saudiyya ma irinsa da na gadi da na farauta take bari a shigo da su ƙasar. Yau ga mutum ya zama ɗan jagoran kare.

Malam na Hindawiyya: Baba ka taɓo wurin. Hadisi na Bukhari da Muslim, wanda ya riƙe kare ba na farauta ko kiwo ko gona ba kullum ana rage masa ƙiraɗi a ladansa, a wata ruwayar ƙiraɗi biyu. Makahon kare gadin me zai yi? Kuma mala'iku ba sa shiga gidan da yake. Ga najasa, in ya sa baki a kwano wanki 7 ɗaya da ƙasa.

Almajirin Zariya: Malam a yi adalci, mu Malikiyya muka tashi a kai, a wajen Imamu Malik kare mai rai ba najasa ba ne har yawunsa, wanki bakwai ɗin bauta ce kawai. Kuma ana ba da labarin Ibn Abi Zaid mai Risala, katangar gidansa ta faɗi ya ajiye kare, aka ce masa ai Malik ya ƙi haka, ya ce da Malik ya riski wannan zamani da zaki zai ajiye. Ina kuka bar mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare aka gafarta masa? Shi ma Bukhari ne.

Malam na Hindawiyya: Shayarwa daban, ajiyewa daban. Kuma nan ba Zariya ba ce.

Almajirin Zariya: Au, mazhaba ma sai da igama, takardar izinin zama, take shigowa?

Bakano: Hhhhh wlh ka gama da ni.

Abu Fahad: Matsalarku kenan ku da kuka zo jiya, komai sai kun ce a gida kaza. Mu nan aka haife mu, kakanmu da ƙafa ya zo ta Sudan ya hau jirgin ruwa a Sawakin, ba mu taɓa ganin Bahaushe da kare a saman rufi ba. Ku ne kuke ja mana magana a unguwa.

Maman Hanan: Su wa suka zo jiya? Shekarata nawa a Gulail kafin ka iya ɗaura shimag a ka? Ka iya bakinka yaro.

Abu Fahad: Ban kira suna ba Anti.

Ɗan Gadarif: Ni tambayata ɗaya, nawa ka kashe wajen likita? Don lokacin da aka yi karo-karon marayun Sudan da azumi ban ga sunanka a takarda ba.

Abu Sadik: Subhanallah. Na bayar a hannun admin, ba na son a rubuta ne. Admin ka yi magana mana.

Ɗan Gadarif: Kowa ma haka yake cewa.

Abu Sadik: Kai da zubin adashin wata biyu ke kanka kake tuhumar wani?

Ɗan Gadarif: Kafili na, ubangidana na aiki, shi ne ya riƙe albashi kuma uwar adashi ta sani, kar ka tona min asiri a kan kare.

Ummu Rayyan: An bar jaki ana dukan taiki. Mutum ya ce mai gida zai kore shi, ba wanda ya ce ga mafita. Akwai wanda ya san mai istiraha, wato gidan hutu na bayan gari, ko gona ta wajen Bahra ko Usfan da zai karɓa? Ko bai gani ai yana ji, zai yi haushi.

Baba Karantina: Haushi ya nufi gabas ɓarawo na yamma.

Abu Sadik: Ba inda zan kai shi. Yanzu da ya ji ƙarar makullina a matakala yake tasowa, yana bin bango da kafaɗa har ya iso ƙafata. Kuma maraya ne, na faɗa na ƙara.

Admin: To jama'a ya isa haka, zan rufe na awa ɗaya. Abin da aka tattauna a taƙaice: Malam ya kawo hujjoji ƙarara daga Bukhari da Muslim kuma ba wanda ya iya ture su, sai labarai da wasu suka kawo ba isnadi. Mafi yawa sun yarda kalmar maraya ba ta dace ba, muna fata ɗan'uwa zai janye idan ya huce, kuma ya nemi gona ya kai dabbar kamar yadda Ummu Rayyan ta yanke. Maganar wa ya zo jiya wa ya zo shekaranjiya ba ma so, ko da yake Abu Fahad bai kira sunan kowa ba, Hajiya ce ta ɗauka da zafi. Batun kuɗin azumi zan duba littafi in na samu lokaci. Masu bashin adashi a same ni ta gefe kafin Juma'a.