Kwanbatin ɗin bidiyo: juyewa ne ko sake matsawa?

Mai tambaya:
Jama'a, a taimaka da kalma. Mutum ya zuba bidiyo a filashi, ya soka a talabijin, sai ta ƙi buɗe shi, ko hoto ya fito ba murya. Sai a ce masa "je ka yi kwanbatin". Me za mu kira wannan da Hausa? Ni "sauya tsari" na kawo.

Injiniya:
Malam, "sauya tsari" ta yi faɗi, don aiki biyu ne ake kira da suna ɗaya. Haruffan da ke ƙarshen sunan fayil, MP4 ko MKV ko AVI, ba su ne bidiyon ba, abin da aka zuba hoto da murya da rubutun fassara a ciki ne. Sunansa a wurina "mazubi". Shi kansa MKV, wato Matroska da ya fito a 2002, daga 'yar tsanar nan ta Rasha mai wata a cikin wata aka samo sunansa. A cikin mazubin kuma akwai yadda aka matse hoton: H.264 na 2003, H.265 na 2013, AV1 na 2018. Fayil biyu duk MP4, ɗaya ya buɗe ɗaya ya ƙi, saboda matsinsu ba ɗaya ba ne.

Malamin harshe:
Mazubi ta zauna, ba gardama. Amma Injiniya, "matsi" rabin aiki ta faɗa. Kodek, wato sunan da ake kiran su H.264 da shi a Turance, yana matsewa, yana kuma warwarewa.

Injiniya:
Gaskiya ne, ranka ya daɗe. Sai dai talabijin ba ta matse komai, warwarewa kawai take yi. Mu ce "salon matsi" ga H.264 da 'yan uwansa, mu ce na'ura "tana warware" shi ko "ba ta warwarewa". Wanda bakinsa ya saba da kodek ya ci gaba, ba a hana ba.

Mai haɗa bidiyo:
To in haka ne fi'ilan sun fito da kansu. Idan mazubin ne kawai na'urar ba ta karɓa, juyewa za a yi daga wannan mazubi zuwa wancan, ba a taɓa abin da ke ciki. Da manhajar ffmpeg, wadda ake rubuta wa umarni:
ffmpeg -i fim.mkv -c copy -sn fim.mp4
Daƙiƙu kaɗan ya gama, kuma hoton bai ragu da ƙwayar zarra ba. Na sa -sn ne don a bar rubutun fassara, saboda MP4 ba ya karɓar rubutun fassara irin na SRT yadda yake, juyewar sai ta tsaya da kuskure. Mai son rubutun ya cire -sn ya sa -c:s mov_text.

Idan kuwa salon matsin ne ba ta warwarewa, dole a warware hoton gaba ɗaya a sake matse shi. Wannan shi ne "sake matsawa". Yana iya cin sa'o'i a kan ƙaramar kwamfuta, kuma duk sanda aka yi sai inganci ya ragu. HandBrake, manhajar kwanbatin, kullum sake matsa hoto yake yi, ba ya juyewa, shi ya sa mutane ke ɓata rabin yini kan abin da minti ɗaya ya isa.

Mai tambaya:
Yaya mutum zai gane wanne ne ya same shi?

Mai haɗa bidiyo:
Ya buɗe fayil ɗin da manhajar MediaInfo, mai nuna abin da ke cikin mazubi, ya karanta layin hoto da layin murya. Hoto na tafiya murya shiru: galibi DTS ce, wani salon matsin murya, talabijin da yawa ba sa warware ta, Samsung ma ta daina sa ta tun samfuran 2018. Murya kaɗai za a sake matsawa, a juye hoton, a ffmpeg: -c:v copy -c:a aac -b:a 192k. Murya na fita allo baƙi: H.265 ne a tsohuwar na'ura, ko H.264 mai bit 10 (zurfin launi), wanda kusan babu talabijin da ke warware shi. A sake matsawa zuwa H.264 mai bit 8, ma'aunin inganci na CRF tsakanin 20 da 23. Tsofaffin na'urorin DVD masu ramin filashi kuwa, yawancinsu salon matsin Xvid a mazubin AVI suke so, kada girman hoton ya wuce ɗigo 720 sau 576.

Malamin harshe:
A kula da rubutu dai: juyewa, ba juyawa ba. "Na juye" daga mazubi zuwa mazubi ne; "na juya" mai karatu zai ɗauka an kifa hoton ko an karkata shi.

Injiniya:
Akwai na uku da ba ya cikin biyun nan. Fayil ya haura gigabayit 4 ya ƙi kwafuwa, mutum ya zaci bidiyon ne. Filashin ne yake kan tsarin ajiya na FAT32, wanda ba ya ɗaukar fayil guda da ya wuce haka. A kwashe abin da ke ciki tukuna, a goge shi a mai da shi exFAT ko NTFS, bayan an duba littafin talabijin ɗin an ga wanne take karantawa.