Da wane ma'auni ake gane annabcin da ya cika?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun makon jiya. Ina da aboki Kirista, shekara shida muna aiki tare, ko sa-in-sa ba mu taɓa yi ba. Ran nan hira ta kai mu ga littattafai, sai na ɗauko masa farkon Suratur Rum, inda aka ce an rinjayi Rumawa amma za su yi rinjaye cikin 'yan shekaru. Na ce wa zai faɗi haka a lokacin da Farisawa suka karɓe Ƙudus a 614, in ba wahayi ba? Ya saurara har na gama, sannan ya miƙo mini wayarsa: littafin Ishaya na Baibul, sura 53, bawan da aka soke saboda laifin wasu, aka ja shi kamar ɗan rago zuwa mayanka. Ya ce kwafin da aka tsinta a kogon Kumran a 1947 ya girmi haihuwar Annabi Isa da fiye da shekara ɗari. Nan take na ce ai ba a ambaci suna ba. Shi kuma ya ce nawa ma yaƙi ne, yau gare ka gobe ga wani.

Sai a hanyar gida na tuna ko rabin surar ban karanta ba na mayar masa da wayar. Imanina na nan daram, amma ba na son in zama mai mudu biyu, na saye daban, na sayarwa daban. Don Allah, da me ake aunawa?

Ɗalibin Tarihi:
Wa alaikumus salam. Malam, ni abu uku nake tambaya: an tabbatar maganar ta riga abin da ya faru? Ta fito fili har za a iya ƙaryata ta in ba ta cika ba? Abin ya fi ƙarfin hasashen mai hankali?

Ayar Rum tana da ƙarfi a ta biyu, don ta yanka wa'adi. "Bid'i", kalmar da ayar ta yi amfani da ita wajen 'yan shekarun, a Larabci daga uku ne zuwa tara, kuma ruwayoyi sun zo cewa Sayyidina Abubakar ya ƙulla fare da mushirikai a kanta tun kafin a haramta. A ta uku ma ba laifi, domin a shekarun nan Farisawa sun cinye Sham, suka wuce Masar, Rumawa kamar sun gama yawo. Inda masu musu ke kama mu shi ne lissafi. Hirƙal, sarkin Rumawa, ya fita yaƙi a 622, ya fara samun galaba, amma bugun ƙarshe a Ninawa sai ƙarshen 627, aka kashe Kisra, sarkin Farisa, a 628. In daga 614 ka fara ƙirga, dole nasarorin farko kake nufi. In ta ƙarshe kake nufi, sai ka faro daga faɗuwar Iskandariyya wajen 619. Malaman tafsiri su ma sun saɓa: wasu sun ce labarin nasarar Rumawa ya zo ranar Badar, wasu lokacin Hudaibiyya. Gara ka faɗa wa abokinka wannan da bakinka, kada ya je ya gano ya ce ka ɓoye.

'Yar Mai Wa'azi:
Ɗan'uwa, na gode da ka yi tambayar da mutunci. Ni Kirista ce, Ishaya 53 kuwa na sha kuka a kanta. Duk da haka ba zan ɓoye maka ba, malaman Yahudawa da yawa suna cewa bawan nan al'ummar Isra'ila ce, kuma a sura 49 an kira bawan da sunan Isra'ila ƙarara. Wanda ya fi ba ni wuya shi ne Ezekiyel 26, da ya ce Nebukadnezzar, sarkin Babila, zai rushe birnin Taya. Ya kewaye ta shekara goma sha uku, a sura 29 littafin da kansa ya ce bai samu ladan wahalarsa ba. Sai Iskandar Mai Girma ne a 332 kafin haihuwar Almasihu ya cike teku ya shiga tsibirin da birnin yake. Wasu na cewa annabcin ya cika hawa-hawa. Ni dai abin da ya kwantar mini da hankali shi ne ba a goge sura 29 ba, an bar ta kusa da 'yar'uwarta.

Dattijo:
Yarana, ku yi hattara da ɗora imani kacokan a kan wannan. Na ga matasa sun rataye addininsu a kan wata fassara ta "mu'ujizar kimiyya", da aka nuna musu kalmar ba haka take nufi ba, sai ƙafarsu ta fara rawa. Sayyidina Abubakar ya gaskata shekaru kafin ayar Rum ta sauka. Ba cikarta ce ta musuluntar da shi ba.

Mai Neman Sani:
Baba, na ji, Allah Ya ƙara girma. 'Yar'uwa, daren jiya na karanta Ishaya 53 har ƙarshe, na haɗa da ta 49. Ra'ayina bai sauya ba, amma yanzu na san dalilina, kuma zan ba abokina haƙuri kan yadda na mayar masa da wayar. Ɗalibin Tarihi, saura tambayarka ta farko: da me zan nuna wa wanda bai yarda da hadisi ba cewa ayar ta sauka kafin 622?