Ciwon suga nau'i na 1 ne ko na 2? Kaina ya ɗaure

Mai tambaya: Salamu alaikum. Shekaruna 34, siririya ce ni. Bara likita ya ce ciwon suga nau'i na 2 gare ni, ya ɗora ni kan metformin. Wata takwas ina sha, sai ramewa nake, har zobena ya daina zama a yatsa. Yanzu gwajin GAD ya nuna garkuwar jikina na yaƙar fankiriyas, wato gaɓar da ke samar da insulin mai daidaita suga a jini, amma gwajin C-peptide ya ce har yanzu ina samar da insulin. Wanne zan kama?

Yaya Babba: Wa alaikumus salam ƙanwata. Duka biyun na iya zama gaskiya. Akwai wanda ake kira LADA, nau'i na 1 ne mai tafiyar hawainiya a jikin manya. Insulin ɗin raguwa yake a hankali, shi ya sa da farko ake ɗauka na 2 ne.

Wata 'yar'uwa: Ni sai da na shekara uku kafin aka gano LADA ne gare ni. Ki nemi likitan ciwon suga ya maimaita C-peptide tare da auna suga lokaci guda. In kika fara amai da ƙishirwa mai tsanani, kar ki jira gobe, a duba ketone, wato sinadarin da ke taruwa a jini in insulin ya yi ƙaranci.

Mai tambaya: Allah ya saka. Ranar Litinin zan koma.