Wuƙar taitaniyam mai ruwan kurom a baki: za ta riƙe kaifi?

Ɗan koyo:
Salamu alaikum masu sana'a. Ina da sallen taitaniyam samfurin Ti-6Al-4V (mai haɗin alminiyam da banadiyam), ina so in fitar da wuƙa marar nauyi wadda ruwan teku ba zai sa ta yi tsatsa ba. Nauyinsa kaɗan ya haura rabin na ƙarfe, shi ya ja hankalina. Sai dai taurinsa wajen 36 ne a ma'aunin Rockwell, ƙarfen wuƙa kuwa yakan kai 58 zuwa 60. Na wasa wani guntu na yanka kwali, nan da nan bakin ya lanƙwashe, har da farce ana jin sa. In aka yi wa bakin ruwan kurom mai tauri, wato a lulluɓe shi da ƙarfen kurom ta hanyar lantarki, zai magance?

Mai ruwan kurom:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Taurin kurom ya haura 65, amma kamawar ce aiki. Taitaniyam na shan iska yake yin wata fata siririya, kurom ba ya zama a kanta. Dole a cinye ta da asid mai fulorin, a tsoma wuƙar a ruwan kurom nan take. Kuma wutar lantarkin ta fi taruwa a tsini, sai kurom ya yi gudaji a kan kaifin, kana wasawa yana ɓantarewa. Don Allah kada ka gwada a gida. Asid ɗin yana ratsa fata har ƙashi, tururin ruwan kurom kuma yana jawo ciwon daji.

Tsohon maƙeri:
Yaro, in ka rufe gefe biyu ka yi asara, wasawar farko za ta cinye kurom ɗin. Bar gefe ɗaya a shafe, shi za a rufe, ka riƙa wasa ɗayan kawai. Mai taushin yana cinyewa, mai taurin yana fitowa, kamar haƙoran gaba na ɓera. Ni dai da tangistan kabaid nake yi, wani sinadari mai tsananin tauri wanda tartsatsin lantarki ke narkarwa a jikin bakin. Yana cin igiya da kwali sosai, amma kada ka sa ran aski.

Wajen gurzawa kuma ka bi a hankali, taitaniyam ba ya sakin zafi da wuri. Tartsatsinsa fari ne fat, garinsa yana kamawa da wuta, ruwa kuma ƙara mata ƙarfi yake yi. Ajiye busasshen yashi kusa.

Ɗan koyo:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Zan fara da kabaid ɗin. Ni bahago ne, wane gefen zan rufe?