"Sannu ba ta hana zuwa": har ga hannun da ya langaɓe?

Baban Khalifa: Salamu alaikum. Jiya mun yi sa-in-sa da Yaya a kan ƙaninmu. Babur ya kayar da shi, ƙashin damtse ya karye, an yi ɗori ya kama, amma wuyan hannun ya langaɓe, yatsu ba sa miƙewa. Na ce a kai shi asibiti, Yaya ya ce sannu ba ta hana zuwa. Wai nan muhallinta ne?

Mai Shayi: Ai bai ƙarasa ta ba. Sai dai a daɗe ba a je ba.

Mai Gashin Ƙashi: Allah ya ba shi lafiya. Yayanka na da rabin gaskiya. Langaɓewar nan alama ce karayar ta taɓa jijiyar da ke kai saƙon motsi ga tsoka. Irin wannan jijiya in ta tsinke, ɓangaren da ke gaba da tsinkewar lalacewa yake cikin 'yan kwanaki, jiki ya share shi. Sai ƙwayoyin da ke naɗe da ita, ƙwayoyin Schwann, su jera layi suna fitar da sinadaran tsiro irin su NGF da BDNF da GDNF. Su ne ke janyo sabon tsiron, yana tafiya kusan milimita 1 a rana, inci guda a wata. Amma ƙwayoyin nan ba sa jira har abada, watanni na tafiya sinadarin na raguwa. Tsokar da ta yi wata 12 zuwa 18 babu jijiya kuma ba ta cika farfaɗowa ba. Za ka je, ka tarar kasuwa ta watse. Ku kai shi a duba ko jijiyar tana buƙatar ɗinki.

Alaramma: Ni a fahimtata mai gaggawa ake gaya wa karin maganar nan, wanda ya riga ya kama hanya. Wanda ke zaune gida, da zafi-zafi ake bugun ƙarfe ce tasa.

Mai Shayi: Milimita guda a rana? Wallahi ta fi ɗan kwangilar titin garinmu sauri. Zaɓe biyu ke nan ana aza harsashi.

Jikar Inna: Kun tuna min da Inna, Allah ya jiƙanta. Lauje ya yanke ta a wuyan hannu tana yi wa awaki ciyawa. Ciwon ya warke, amma ƙaramin yatsa da na kusa da shi suka mutu murus. Sai ta dafa murfin tukunya tana hira, mu ne za mu yi ihu. Kullum da dare man kaɗanya, ni ke murza mata. Can sai wurin ya fara yi mata yam-yam, in an ƙwanƙwasa tabon ta zabura har yatsa. Ta rantse iska ce, har hayaƙi aka yi mata. Ji ya ɗan dawo, amma kaɗi ya gagare ta, mazarin ya riƙa suɓucewa, hannun ya rame tsakanin yatsu. Da kishiyarta ta ce mata sannu ba ta hana zuwa, cewa ta yi, "To ke je ki, ki gaishe su."

Mai Gashin Ƙashi: Yam-yam ɗin nan tsiron ne ke matsowa, Hajiya. Mu ma ƙwanƙwasawa muke yi don mu gane inda tsiron ya kai.

Jikar Inna: Da kin gaya mata haka da kin sha tsintsiya.

Ɗan Boko: Matar da ta gano NGF ma, Rita Levi-Montalcini, a ɗakin kwananta a birnin Turin na Italiya ta riƙa bincike da ƙwan kaji, lokacin da dokokin Mussolini, mai mulkin ƙasar a lokacin, suka hana Yahudawa aikin jami'a. Sai 1986 ta samu kyautar Nobel tare da Stanley Cohen. Wannan ba sannu ba ce?

Alaramma: Wannan mai haƙuri kan dafa dutse ce, kada ka haɗa su.

Mai Shayi: Da a farashin ƙwai na yanzu ne da ba a gano komai ba. Masu cewa mu ƙara haƙuri, su jijiyar kunyarsu ce ta tsinke, wace ƙwaya za ta tsiro da ita?

Baban Khalifa: Na karanta wa Yaya duka. Ya ce sai an kai amfanin gona gida. Kuma yana tambaya, man kaɗanyar ɗanye ne ko soyayye?