Fulawil da firesha filet, wai meye sunansu da Hausa?

Ɗan Agege: Salam jama'a. Tsohuwar Buswaja ce ta babanmu, mai kama da kunkuru ɗinnan da Yarbawa ke ce wa ijapa, cikin waɗanda aka riƙa haɗawa a Ojo ta Legas tun 1975, ta fi shekara goma a ajiye a bayan gida nace bari in tada ta. Oga ya sauke inji, dama ita sai an sauke injin gaba ɗaya ake kaiwa ga kuloci, sai yace a sayo filet. Na tura ƙanena kasuwar kayan mota ta Ladipo ya wuni a gosulo ya dawo da wancan mai nauyin mai sifirin a jiki, alhali mai fatar muke so. Shi mai shago yace ai wannan shine filet, oga yace a'a dis ne. To ni abinda ya dameni, ƙarafa uku ne a jere duk masu faɗi kamar faifai amma bamu da sunan ko ɗaya da Hausa. Fulawil, kuloci filet, firesha filet, sai rilis boris na huɗunsu. Dan Allah a nemo mana suna.

Bakaniken Idi-Araba: Hhhh wlh ba kai kaɗai ba. Wani filet ɗinsa shine dis ɗin wani, shi yasa ni bana aike sai na ɗaura tsohon a buhu nace a nuna. Amma kuloci kam a barshi, ya riga ya zama Hausa kamar birki da totur da sitiyari, ko kakata ta san taka kuloci.

Malamin Hausa a Obalende: Na yarda, kuloci ya zauna ba mai tada shi. Sauran ne aiki. Shawarata kada mu bi kamanni tunda kamannin ne ya jawo ruɗanin, mu bi aikin da kowanne yake yi. Oga ku da kuke cikin sana'ar ku fayyace mana tukuna.

Bakaniken Idi-Araba: To malam. Fulawil yana ɗaure ne a gindin karanshaf, wato babbar sandar da ke juyi a cikin inji, duk juyin da inji yayi tare suke, nauyinsa ke sa inji baya fizga tsakanin bugu da bugu, a bakinsa akwai haƙora nan kik yake kamawa in ka murza makulli. Mai fatar, wato kuloci filet, yana tsakiya, shi a sandar giyabos yake zaune. Mai sifirin ɗin kuma, wato firesha filet, a jikin fulawil ake ɗaure shi, aikinsa ya matse mai fatar ya manne da fulawil sai ƙarfin inji ya wuce zuwa giya. In ka taka kuloci sai boris ya danna shi ya saki, shikenan inji na juyi taya ba ruwanta.

Malamin Hausa a Obalende: Madalla, ai kun gama raɗa sunan da bakinku. Mai fata ya zama faifan kuloci, shi kaɗai za mu bar wa kalmar faifai. Mai matsewa kuma mamatsin kuloci, kamar yadda muke da maɗauri da mariƙi. Boris ɗin, tunda saki yake sawa a yi, masaki.

Ɗan Agege: Malam masaki kuma? Ai sai a ɗauka ƙwaryar fura ake nema 😂

Bakaniken Idi-Araba: Ko a aiko maka da mai saƙa daga Ilori. A'a malam, boris ɗin kuloci ya wadatar. Sai dai akwai wani ƙaramin boris a tsakiyar fulawil inda bakin sandar giyabos ke shiga, a Buswaja cikin babban notin da ke riƙe fulawil yake, wannan sai muce boris ɗin ciki. Mamatsi kuma ni bakina ya fi sabawa da murfi, don shine yake rufe komai, yarana duk murfin kuloci suke cewa.

Malamin Hausa a Obalende: Na janye masaki. In har murfi ya riga ya kama bakin 'yan gareji to ya fi nawa, kalmar da ake faɗa ta fi wadda aka ƙirƙira a kan tebur. Saura fulawil. Na taɓa ganin wani ya fassara shi da ƙafa mai tashi, raina ya ɓaci, tashi zuwa ina?

Direban Mile 12: Dutsen niƙa mana. Ga nauyi ga faɗi.

Bakaniken Idi-Araba: In ya fara niƙa ai an shiga uku, fatar ce ta ƙare har ƙusoshin sun fara cin fuskarsa. Kar ka ja mana.

Baba Tsohon Direba: Yara kun sa ni dariya, jikana ne yake rubuta min. Ni na ja Fijo 504 ta Kaduna daga Ikko zuwa Kano shekaru, kuma mu ma fulawil muke cewa. Amma abin yana da suna tun kafin mota ta zo. Uwata mai kaɗi ce. A jikin mazari akwai dunƙulen yumɓu da ake sawa ta ƙasa, gululu, in ta murza mazarin a tasa shi ne yake riƙe juyin har zare ya murɗu, ka cire shi mazari ko numfashi ɗaya ba zai yi ba ya tsaya. To abin da bakanike ya faɗa ɗazu na nauyi mai riƙe juyi, ba shi ke nan ba?

Malamin Hausa a Obalende: Allah ya ƙara girma Baba, wallahi kun gama magana. Gululun inji. Aiki ɗaya ne sak, kuma ba mai ruɗa shi da faifai. Haƙoran bakinsa sai su zama haƙoran gululu.

Direban Mile 12: Baba a gafarce ni amma yaran yanzu wa ya taɓa ganin mazari balle gululu? Ka je Ladipo ko Owode Onirin kace gululu su zuba maka ido.

Baba Tsohon Direba: Su da Turanci za ka yi musu dama. Wannan namu ne, na koya wa yaro aiki.

Bakaniken Idi-Araba: Ni dai ya min daɗi, bari in gwada shi a aiki muji ko zai zauna. Ɗan Agege ka kula, gululun Buswaja iri biyu ne, na tsofaffi masu batir mai bolt 6 haƙora 109 da faifai milimita 180, na masu batir mai bolt 12 haƙora 130 da faifai 200, taka ta Ojo mai 12 ce amma ka ƙirga don tsohuwar mota ba ka san hannu nawa ta bi ba. Murfin ma biyu ne, na kafin 1971 akwai zobe a tsakiya na baya babu, dole ya dace da boris ɗin da ke giyabos ɗinka in ba haka ba sai ka sake sauke inji. Gululun yana hawa ne kan fil huɗu, noti ɗaya tak mai lamba 36 ke riƙe shi kuma yana son ɗauri sosai da dogon ƙarfe. Kafin ka mayar ka duba robar da ke bayansa, in tana yoyon baƙin mai sabon faifan zai jiƙe ya fara santsi. Faifan kuma gefen da cibiyarsa ta fi tsawo shi ke kallon giyabos, ka zura tsohuwar sandar giya ta tsakiya ta daidaita shi sannan ka ɗaure murfi kaɗan kaɗan, wannan noti sai na gabansa ta ɗaya ɓangaren, kar ka gama da ɗaya lokaci guda. Kai, ya ma fi fulawil daɗin faɗa.

Ɗan Agege: Na gode oga, na gode Baba. Na ƙirga yanzu da tocilan, 130 ne. Murfin da yaro ya sayo kuma mai zobe ne ashe ko shi ba namu bane, gobe da sassafe zan koma da kaina da tsohon faifan a buhu.

Direban Mile 12: Ka fita kafin ƙarfe shida, Oshodi ba ta da kirki ranar Litinin.