Lokacin canjin kuɗi: me ya fitar da ku?

Maman Sadiq: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku tuna farkon 2023, bayan da aka sauya takardun naira 200, 500 da 1,000. Aka ce wa'adi 31 ga Janairu, aka ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu, can a watan Maris Kotun Ƙoli ta ce tsofaffin su ci gaba da aiki. Kowa da tasa fatawar, ba wanda ya san gaskiyar magana. To ku da me kuka lallaɓa?

Mai Shayin Bakin Tasha: Wa alaikumus salam Hajiya. Ni dai littafin bashi ne. Mutum da kuɗinsa dam a banki, amma ba shi da na shayi da biredi. Har masu manyan riguna sai da na rubuta sunayensu, wasu suna rufe fuska don kunya, ni kuma in yi kamar ban gani ba. Da kuɗi suka wadata kowa ya zo ya biya, sai mutum guda. Ashe rasuwa ya yi. Na ja layi a kan sunansa, Allah ya jiƙansa.

Inna Ta Ƙauye: Mu nan ko turansifa babu, sabis sai an hau tudu. Sai muka koma musaya irin ta kakanni, tiyar gero a ba ka man gyaɗa da gishiri. Maƙwabciyata kuwa kullum sai ta ƙara hannu a tuwonta, ta aiko yaro da kwano a rufe, ba ta taɓa tambayar ko mun ɗora tukunya ba.

Ɗan POS: A yi mana afuwa, na san mun sha zagi. Amma mu ma sayen takardun muke yi a hannun 'yan kasuwa. Ni abin da na ɗaure wa kaina shi ne, tsoho da mai jinya ba na ƙara musu ko sisi.

Baban Ummi: Malam Ɗan POS, da haka duk kuke da ba mu kwana a layin banki ba. Amma kai ɗin Allah ya saka.

Maman Sadiq: Amin. Mai Shayi, yanzu ma kana ba da bashin?

Mai Shayin Bakin Tasha: Ina bayarwa Hajiya, amma yanzu sai na san gidanku!